Ciyar da Macijin da Ake Ajiyewa

Ana jawo hankalin masu wasa da maciji a kasuwar Potiskum da sauran garuruwa, waɗanda ke ajiye gamsheƙa ko mesa cikin ƙwarya ko akwati, cewa maciji nama kaɗai yake ci. Abincinsa shi ne ɓera da kwaɗo da ɗan tsako, kuma ɗungum yake haɗiye su, domin ƙashi da kayan ciki su ne ke gina jikinsa. Nono ba abincinsa ba ne, ruwa mai tsabta yake bukata. Kada a ba shi abin da ya fi tsakiyar jikinsa kauri, ko ɓeran da guba ta kashe.

Ƙarami yakan ci sau ɗaya a mako, babba kuwa bayan mako 2. In ya ci, a ƙyale shi kwana 2, in ba haka ba sai ya amayar. Yakan ƙi abinci lokacin saɓa, da kuma cikin hunturu, saboda sai da ɗumi cikinsa ke narkarwa.

Ɗinke masa baki mummunar al'ada ce, yunwa ke kashe shi. Cire fiƙa kuma ba kariya ba ce, gama takan sake fitowa. Wanda ya sara a gaggauta kai shi asibiti. Akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo, Jihar Gombe.