Rawar Sitiyari Lokacin Taka Birki a Babbar Hanya

Shirin na yau zai duba wata matsala da direbobin hanyar Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja suka san ta sarai, wato motar da ke tafiya lami lafiya a gudun kilomita 100 a sa'a, amma da zarar an ɗora ƙafa a kan birki sai sitiyari ya kama rawa a hannu, ya kuma lafa idan an ɗaga ƙafar.

Matakin farko shi ne tantance lokacin da rawar ke zuwa, domin idan sitiyari yana karkarwa ko ba a taɓa birki ba, galibi laifin na taya ne, ko dai nauyinta bai daidaita ba tana buƙatar balansin, ko ta kumbura, ko rim ya lanƙwashe a rami. Idan kuwa sai an taka birki take bayyana, to hankali ya koma kan birkin gaba, wanda shi ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, kuma shi ne ke haɗe da sitiyari ta hanyar tayirod. Matsalar birkin baya an fi jin ta a kujera da jikin mota. Bugun da feda ke yi a ƙafa lokacin taka birkin gaggawa a motar da ke da ABS, wato na'urar hana taya kullewa, aikin na'urar ne, ba lalacewa ba.

A gaban yawancin ƙananan motoci akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, wanda makanikai ke kira disk, sai fad guda biyu da ke matse shi daga kowane gefe, suna zaune a cikin gidan da ake kira kalifa. Hukuncin da aka saba ji a gareji shi ne faifai ya lanƙwashe, a kai shi injin a fere shi, kuma wannan hukunci yana da gaskiya a cikinsa amma bai kai ga tushen ciwon ba. Abin da hannu ke ji a mafi yawan lokuta shi ne bambancin kauri, wato wani sashe na faifan ya fi wani kauri da abin da bai kai silin gashi ba, ta yadda duk lokacin da wurin mai kauri ya ratsa tsakanin fad sai matsin ya ƙaru, ya wuce sai ya ragu. Tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 100, shi ya sa abin da ba a ji a cikin gari yake zama girgiza a babbar hanya.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce abin da ya haifar da bambancin, kuma a nan ne ake yawan yin sakaci. Faifai yana zama ne a kan hob, wato gindin da taya ke ɗaure a jikinsa, kuma idan aka ɗora shi a kan tsatsa ko ƙasa zai zauna a karkace, ya riƙa goga fad a wuri ɗaya a kowane juyi har wurin ya ci. Ɗaurin notin taya ma yana jawo haka. Al'adar nan ta mai faci ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa tana sa wani noti ya fi wani matsewa nesa ba kusa ba, alhali kamfanoni sun ƙayyade ƙarfin ɗauri, kamar Toyota Corolla da aka ba ta nuton-mita 103, kuma ana ɗaure notin ne a tsallake, ba a jere ba. Ɗabi'ar hawa sifana da ƙafa ta cancanci a yaƙe ta, domin tana lalata sabon faifai cikin 'yan watanni, mai mota kuma ya ɗora laifin a kan mai sayar da kaya.

Zafi shi ne sanadi na gaba. Direban da ya gangaro Hawan Kibo daga Jos yana jan birki maimakon ya sauko da giya, sannan ya tsaya cak ƙafarsa na danne da feda, yana iya barin shafen fad manne a fuskar faifai mai zafi, wurin kuma ya riƙa kamawa fiye da sauran. Kalifar da ta cije tana yin irin wannan ɓarna, kuma alamarta ita ce taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi da ƙauri bayan tafiya.

Makanikin da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci da ido. Yana ɗora agogon awo a fuskar faifai ya juya shi, inda yawancin kamfanoni ba sa yarda karkacewa ta wuce kimanin milimita 0.05, sannan ya auna kauri a wurare da dama a kewayen faifan. Yana kuma ɗaga motar ya jijjiga taya domin duba tayirod da boljoyin da bushin da boris, saboda idan waɗannan sun saki sukan ƙara girman rawar, kuma sakinsu ya fi ta haɗari.

Fere faifai yana da iyaka, domin kowane faifai an buga masa mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikinsa, kuma wanda ya sauka ƙasa da haka ba ya iya ɗaukar zafi, sai canji. Ana canza na dama da na hagu tare, a saka sababbin fad, a kankare fuskar hob tas kafin a ɗora, sannan a taka birki a hankali sau da dama daga matsakaicin gudu ba tare da tsayawa cak ba, domin fad ɗin su kwanta daidai a kan faifan kafin motar ta koma babbar hanya.