Yuraniyom: Ƙarfen da Ruwa Ya Tara Cikin Duwatsu

Yuraniyom ƙarfe ne da ke cikin duwatsu tun farkon samuwar ƙasa, kuma duk da kwarjinin da sunansa yake da shi a kunnen jama'a, ba abu ne mai wuyar samu ba, domin a kowane tan na dutsen ɓawon ƙasa akan sami kimanin giram 2 zuwa 3 nasa, adadin da ya zarce na zinariya da azurfa nesa ba kusa ba. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Martin Klaproth, ya gano shi a shekarar 1789, sai dai an shafe fiye da ƙarni ana amfani da shi galibi wajen rina gilashi da tangaram, kafin Henri Becquerel na Faransa ya lura a 1896 cewa yana fitar da wasu haskoki da ido ba ya gani. Dalilin haka shi ne ƙwayoyin zarrarsa suna rushewa sannu a hankali har su rikiɗe su koma dalma, kuma kafin rabin kowane adadi na nau'insa mafi yawa ya rushe, sai an yi shekara kusan biliyan 4.5. Da wannan ma'auni da ba ya sauyawa ne masana ke ƙididdige shekarun duwatsu.

Yawan da yake da shi a warwatse ba ya sa a haƙa shi, sai inda ya taru wuri guda, kuma ruwa ne babban mai wannan aikin tarawa. Idan ruwan da ke ɗauke da iskar oksijin ya ratsa dutsen giranit, wanda ya fi yawancin duwatsu yuraniyom, sai ƙarfen ya narke ya bi ruwan, ya yi ta tafiya ta ƙofofin dutsen yashi a ƙarƙashin ƙasa, har ya iske wurin da ragowar matattun tsirrai suka shanye oksijin ɗin, a nan sai ya kwanta kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin ƙwarya. Ta haka ma'adinan jihar Agadas suka samu: duwatsun Azbin suka bayar, ruwa ya ɗauko, dutsen yashin da ke yammacinsu ya adana cikin miliyoyin shekaru. Faransawa masu neman tagulla suka ci karo da shi a Azelik a 1957, kamfanin Somaïr ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak kuma ya bi baya a Akouta a 1978, inda ake shiga ƙarƙashin ƙasa. A yau Kazakistan ce kan gaba wajen fitar da shi, sannan Kanada da Namibiya.

Bayan an haƙo dutsen akan niƙa shi, a jiƙa da ruwan asid, a tace, a busar, a sami wani gari mai launin rawaya da ake zubawa a durom a fitar waje. Darajar garin nan tana cikin ɗan kaso kaɗan ne, saboda yuraniyom iri biyu ne a cakuɗe: mai lamba 238, wanda ya kai kashi 99.3 cikin ɗari, da mai lamba 235, wanda bai wuce kashi 0.7 ba, alhali shi ne zarrarsa ke tsagewa cikin sauƙi. A ƙarshen 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano wannan tsagewa a Balin, wadda ke sakin zafi mai yawa tare da wasu ɓurɓushi da ke tsaga zarra ta gaba, ita ma ta tsaga ta gabanta. Don tashar lantarki akan ƙara yawan 235 zuwa kashi 3 zuwa 5, a sarrafa tsagewar ta tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Don makami kuwa sai an kai shi wajen kashi 90. Bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 na yuraniyom ne, kuma mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ce ta samar da kaso mai tsoka na ma'adinin da shirin ƙera bam ɗin ya yi amfani da shi.

Kimanin kashi 9 na lantarkin duniya daga nukiliya yake, a Faransa kuwa ya kai kusan kashi biyu bisa uku. Daga tukwanen nukiliya, inda ake sarrafa tsagewar, ake samun sinadaran da asibitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da zuciya da su, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ƙaramar tukunyar bincike tun 2004, wadda ake tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da ita.

Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne dusar da ake bari a bakin mahaƙa, domin tacewa tana ɗauke yuraniyom ne kawai, ta bar radiyom da sauran sinadaran da rushewarsa ke haifarwa, waɗanda su ne ke ɗauke da mafi yawan haskokin masu illa. Daga radiyom iskar radon ke fita, wadda ba ta da wari ko launi, kuma ita ce ta biyu bayan taba wajen jawo sankarar huhu. Lokacin da aka rufe Cominak a watan Maris 2021, an bar tarin dusa da ya kai kimanin tan miliyan 20 kusa da gari, a yankin da iska ke kwasar ƙura ta kai ta cikin gidaje, jama'a da dabbobinsu kuma suka dogara kacokan kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da damina ba ta sabunta shi. Rufe wannan tari da laka da duwatsu, da auna ruwan rijiyoyi a kai a kai, da duba lafiyar tsofaffin ma'aikata, hakki ne da mutanen Arlit ke bin duk wanda ya ci ribar ma'adinin, kamfani ne ko gwamnati, domin radiyom kaɗai sai ya yi shekara 1,600 kafin rabinsa ya rushe.