Tasawa da Mayahi: Yadda ake sake daɓen garaji ya jure rana da damina

Kowace shekara, in damina ta ɗauke aka shiga kaka, masu motoci da masu kula da gidajen hukuma a gundumomin Tasawa da Mayahi sukan zagaya su duba ɓarnar da ruwa ya bari. Katangar da ta zube da soron da ya yi yoyo kowa yana ganinsu, a kan kuma gaggauta gyara su. Amma akwai ɓarnar da ido ya saba da ita har ya daina lura: daɓen garaji da ya tsattsage, tsakiyarsa ta lotsa, ruwa yana kwanciya a ƙarƙashin mota kwana da kwanaki. Abin da aka saba yi shi ne a sayo siminti buhu ɗaya ko biyu a liƙe tsagar. Baɗi war haka liƙin ya ɓamɓare, a sake sayen wani, kuɗi suna ta fita, daɓe yana nan yadda yake.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A cikin irin waɗannan garaji ne motar ɗaukar marasa lafiya ke kwana, da motar ɗan kasuwa mai kai gero da wake kasuwannin ƙauye. Ruwan da ya kwanta yana sa cikin mota tsatsa. Makaniken da ya kafa jak a kan fasasshen daɓe ya shiga ƙarƙashin mota kuwa, ransa ne ya sa a hannu. Saboda haka in daɓe ya lotsa, ko kuwa in an ƙwanƙwasa shi da guduma aka ji yana amsawa kamar ganga, lokacin liƙi ya wuce, sai a fasa shi a sake sabo.

Inda cutar take

Tasawa tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi, Mayahi kuwa tana arewa maso yamma da ita, a kwarin Gulbin Kaba. Galibin ƙasar jigawa ce, rairayi mai laushi. Ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba, amma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa da ƙarfi cikin ƴan sa'o'i. A watannin Afrilu da Mayu kuma zafi yakan haura digiri 40. Daminar 2024 ta nuna abin da ruwa ke iya yi: ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, fiye da 300 suka rasa rayukansu, jahar Maraɗi ce kuma ta fi kowace yawan waɗanda suka rasu.

Daɓen kankare bai cika lalacewa daga sama ba. Kankare yana ɗaukar nauyi sosai in yana zaune daram a kan ƙasa mai ƙarfi, amma ba ya jure lanƙwasa. In ruwan indararo ko na titi ya samu hanya ya shiga ta gefe, sai ya riƙa janye rairayin da ke ƙarƙashi sannu sannu, har kogo ya samu. Gara da gafiya da saiwar dogon yaro sukan ƙara faɗaɗa shi. Ranar da tayar mota ta hau daidai wurin, daɓen ya karye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa ke bin wannan tsaga ya ƙara cin ƙasa. Wanda ya liƙe saman bai taɓa kogon ba. Ban da haka, sabon siminti ba ya kama tsohon daɓen da ya sha baƙin mai.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi tsofaffin unguwanni. Shekara da shekaru iska tana tara rairayi a titi, maƙwabta suna zuba ciko a ƙofofin gidajensu, har titi ya fi garaji tudu. A gari irin Tasawa, inda ruwan sama ke gangarawa zuwa tafkunan cikin gari, garajin da ya yi ƙasa da titi ya zama ɗan tafki shi ma.

Fasawa da shirya ƙasa

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan girbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ƙasa ta tsane, zafi ya sauka, leburori kuma sun dawo daga gona. Kafin a ɗaga guduma, a fara auna tudun titi da na tsakar gida, a ja layi a jikin bango, don sabon daɓe ya ɗara su da santimita 15 zuwa 20, a yi masa hawa mai sauƙi a bakin ƙofa.

Daga nan a fasa tsohon daɓe duka a kwashe. Ɓaraguzan da ba su sha mai ba ana iya farfasa su ƙanana a yi ciko da su. A tone duk inda ƙasa ta yi laushi, a fid da gidan gara da saiwoyi. Sai a kawo marmara a shimfiɗa, amma ba a zuba ta gaba ɗaya. A zuba kaurin santimita 10, a yayyafa ruwa ta yi danshi, a daddaɓe da madaɓi mai nauyi har sawun ƙafa ya daina fita, sa'an nan a ƙara wani kaurin.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Matan da ke taruwa su yi wa amarya daɓen ɗaki da tsakuwa da ruwan makuba sun daɗe da sanin cewa ƙarfin daɓe a duka yake. Zuwan siminti ne ya sa wasu suka zaci an huta da madaɓi, alhali nauyin mota ya fi na gado da tukwane nesa.

In ƙasa ta daɓu, a shimfiɗa leda mai kauri a kanta, bakin wata ya hau kan wata. Amfaninta biyu ne: tana hana busasshiyar ƙasa tsotse ruwan kwaɓi ranar zuba kankare, tana kuma hana danshin damina hawowa daga baya. A kan ledar a ɗora ragar rodi mai kaurin milimita 6 ko 8, tazarar santimita 20 tsakanin rodi da rodi, a tallafe ta da ƴan gutattsarin kankare don ta zauna a tsakiyar daɓe. Rodin da ke kwance a ƙasa ba ya riƙe kome.

Ma'aunin kwaɓi

Kaurin daɓen ƙaramar mota santimita 10 zuwa 12 ne, na babbar mota kuwa kada ya gaza 15. Ma'aunin da magina suka sani shi ne kilo 350 na siminti, wato buhu 7 masu kilo 50, a kowace mita kubik ta kankare. A wurin aiki ga yadda ake auna shi: buhu ɗaya na siminti, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, in baron mai cin lita 60 ne, da ruwa jarka ɗaya mai lita 25. Garaji mai tsawon mita 6 da faɗin mita 3, a kaurin santimita 12, zai ci siminti wajen buhu 15, yashi baro 15, tsakuwa baro 30. Duk wanda ya ce zai yi shi da buhu 8, to daɓen shekara biyu zai yi.

Siminti yana zuwa wannan yanki daga nesa, ko daga Malbaza ta jahar Tawa, inda aka kafa masana'antarsa cikin shekarun 1960, tafiyar fiye da kilomita 300, ko daga Nijeriya. A taɓa kowane buhu kafin a biya: wanda ya yi dunƙule-dunƙule ya sha danshi, ƙarfinsa ya ragu. Rairayin da iska ke tarawa a gindin katanga ya cika laushi da ƙura, bai dace ba. A nemo yashin korama mai tsatstsauran ƙwaya. Gwajinsa da sauƙi: a zuba shi cikin kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. In laka mai kauri ta kwanta a samansa, sai an wanke shi. Tsakuwa ma a tankaɗe ta, a zubar da wadda ke murƙushewa a hannu.

Babban kuskure a wurin ruwa yake. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin juyawa, musamman in rana ta yi zafi. Amma tun 1918 wani masani ɗan Amurka, Duff Abrams, ya tabbatar da gwaji cewa gwargwadon yawan ruwan da aka ƙara wa siminti, gwargwadon raguwar ƙarfin kankare. Rarar ruwan tana tashi ta bar ƙananan ramuka, saman daɓe ya riƙa zubar da gari kamar tsohon bango. Kwaɓi mai kyau yana tsayawa a kan shebur, ba ya kwarara. In yashi jiƙaƙƙe ne, a rage ruwan jarkar.

A fara zubawa da asuba, a gama kafin rana ta take, kada a tsaya a tsakiya. A caccake kwaɓin da rodi don iska ta fita, a ja shi da katako miƙaƙƙe, a ba shi gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta fuskanci ƙofa. Bayan kowace mita 3 a ja tsaga miƙaƙƙiya mai zurfin rubu'in kaurin daɓen, don in kankare ya tsuke ya tsage a wurin da aka zaɓa masa. Tsakaninsa da bango a sa kwali ko leda. Masu aiki su sa takalman roba da safar hannu, domin ɗanyen siminti yana cin fata.

Shayarwa

Mutane da yawa suna zaton bushewa ce ke sa siminti ƙarfi. Ba haka ba ne. Siminti yana ƙarfi ne ta haɗuwarsa da ruwa, haɗuwar kuwa tana ɗaukar makonni. In hunturu ko zafin rana ya janye ruwan tun ranar farko, aikin ya tsaya rabi. Saboda haka ruwan da aka hana kwaɓi, yanzu ne ake ba da shi a yalwace. Da zarar daɓe ya kama, a rufe shi da buhunan algarara ko jiƙaƙƙen yashi, a ɗora leda, a toshe ƙofa da zana saboda iska, a riƙa shayar da shi safe da rana da maraice har kwana 7. A ƙauyukan da rijiya ke da zurfi, a tanadi ruwan nan tun kafin a fara aiki, a kuma sa kuɗinsa cikin lissafi. A kwana na 7 kankare yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakken ƙarfin sai a kwana na 28. Ƙaramar mota ta jira kwana 10, babba ta jira makonni huɗu.

Aikin bai ƙare ba sai an kori ruwan sama daga gindin gini: a ƙara wa indararo tsawo, a yi ƴar dakali kewaye da bango, a buɗe kwata a gaban ƙofa, a kuma share ta kafin ruwan farko. A ƙarƙashin injin mota a ajiye faranti da yashi don baƙin mai da ruwan batir, wanda shi ma ke cin siminti.

Abin da ya rataya a wuyan mai aiki

Rabin wannan aiki yana ɓoye ne a ranar da aka gama shi. Daga sama ba a gane ko an daɓe marmara, ko an sa rodi, ko buhu nawa suka shiga. Don haka mai gida ko ma'aikacin hukuma da ya ba da kwangila ya rubuta yarjejeniya tun farko: kaurin ciko, kaurin daɓe, yawan buhuna, kwanakin shayarwa, da wanda zai kawo ruwa. Wanda ya iya karatu da rubutu da Hausa ya isa ya rubuta wannan a takarda guda, magini ya sa hannu gaban shaidu. Ya je ya gani da idonsa kafin a rufe leda da rodi, ya ƙirga buhunan da aka zazzage da maraice, ya kuma riƙe wani kaso na kuɗin, kamar yadda ake yi a kwangilolin gwamnati, har ruwan Agusta ya sauka a ga inda ya bi. Magini na kirki ba ya ƙin wannan sharaɗi, domin shi ne ke raba aikinsa da na mai ha'inci.