Ko mitar ruwa za ta rage wa magidanta kuɗin famfo a Kumbotso?

Tun farkon shekarun 1930 ake tace ruwan sha a Challawa, kusa da Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso, ana tura shi birnin Kano. Sai dai har yanzu gidaje da dama a yankin sun dogara ne da 'yan garuwa da rijiyoyin burtsatse.

Waɗanda kuma aka ja wa famfo, akasarinsu kuɗin bai-ɗaya hukumar ruwa ta jihar ke yanka musu a wata, ko ruwan ya zo ko bai zo ba. Wannan ne ya sa wasu magidanta ke ganin gara a sa musu mita, kamar yadda aka yi da wutar lantarki.

Yadda lissafin yake

Mita ba ta sauya farashin ruwa. Aikinta shi ne ƙidaya abin da ya ratsa bututun gida, a ma'aunin kubik mita. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 masu cin lita 25.

Majalisar Ɗinkin Duniya na cewa mutum na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da tsafta. A kan lita 50, gida mai mutum uku zai yi amfani da lita 4,500 a wata, yayin da gida mai mutum 20 zai buƙaci lita 30,000.

Idan kuɗin bai-ɗayan gidajen biyu daidai yake, to ƙaramin gidan ne ke ɗaukar wani ɓangare na nauyin babban. Da zarar an sa mita, mai ƙaramin iyali zai samu sauƙi, babban gida kuwa kuɗinsa na iya ƙaruwa.

Lamarin ya fi fitowa fili inda farashi ke hawa mataki-mataki. A biranen Nijar irin su Maraɗi, inda mita ta zama ruwan dare, kubik mita 10 na farko a wata su ne mafi araha, abin da ya haura kuma sai farashinsa ya ƙaru. An yi tsarin ne domin talaka, amma gidan gandu ko gidan haya da iyalai da yawa ke amfani da mita ɗaya kan tsallake matakin mai rahusa tun wata bai raba ba.

Darasi daga wasu ƙasashe

A Ingila, gwajin da aka yi tsakanin 1989 da 1993 ya nuna cewa gidajen da aka sa wa mita sun rage amfani da ruwa da kimanin kashi 11 cikin ɗari. Shawarar da ake ba jama'a a can ita ce, mita ta fi amfanar gidan da ɗakunan kwanansa suka fi mutanen cikinsa yawa. A unguwanni irin su Panshekara da Mariri, akasin haka aka fi gani.

A Afirka ta Kudu kuwa, mazauna Phiri a Soweto sun kai ƙara kan mitar da ake biya kafin a sha, suna cewa lita 6,000 da ake ba kowane gida kyauta a wata ba ta isar manyan iyalai. A 2009 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke hukuncin cewa mitar ba ta saɓa wa doka ba.

Ɓarna da ƙarancin ruwa

Inda mita ke taimakon kowa shi ne wajen hana ɓarna. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa na zubar da sama da lita 11,000 a shekara. Magidanci na iya rufe dukkan famfunan gidansa ya duba mitar. Idan tana ci gaba da juyawa, akwai inda bututu ke yoyo.

Manoman rani a Kura da Bunkure, masu samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, sun san illar kuɗin bai-ɗaya. Da faɗin gona ake lissafa kuɗin ruwansu, don haka na farkon magudana ba ya asarar komai idan ya yi ɓarna, na ƙarshenta kuma ya rasa.

A inda ruwa ke zuwa jefi-jefi, mita na da fa'idar cewa ba za a biya kuɗin ranakun da famfo ya ƙafe ba. Amma iskar da ke cika bututu a irin waɗannan ranaku kan juya mitar idan an sako ruwa, ta ƙidaya abin da ba a sha ba.

Kuma muddin famfo bai wadata ba, kuɗin da magidanci ke ba 'yan garuwa a wata kan zarce na takardar hukuma nesa ba kusa ba. Wannan kuɗin, samun ruwa a kai a kai ne kawai zai rage shi.