Kuɗin Fakin: Daga Masaukan Disney Zuwa Harabobin Gusau

Daga ranar 21 ga Maris, 2018, kamfanin Disney ya fara karɓar kuɗin ajiye mota daga baƙin da ke kama ɗaki a otal-otal ɗinsa na katafaren dandalin shaƙatawar nan da ke kusa da birnin Orlando, a Jihar Fulorida ta Amurka. Dala 13 a kowane dare a ƙananan masaukai, dala 19 a matsakaita, dala 24 a na alfarma. A 2019 aka ƙara kuɗin zuwa dala 15 da 20 da 25. Kafin wannan lokaci, duk wanda ya biya kuɗin ɗaki ya biya wa motarsa ke nan. Baƙi suka yi ta ƙorafi, musamman da aka shiga 2022, shekarar da kamfanin ya dakatar da motocin safa da ke ɗauko su kyauta daga filin jirgin sama. Wato an ƙara tura mutum ga hayar mota, alhali ana cajin motar kuɗin kwana. A ranar 10 ga Janairu, 2023, ƙasa da wata biyu bayan dawowar Bob Iger kan shugabancin kamfanin, aka soke kuɗin baki ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Gusau da wannan, ga matsalar tsaro, ga tsadar man fetur tun da aka janye tallafi a Mayun 2023? Tambaya ce mai ma'ana. Abin da ya ja hankalina shi ne iyalin da ke kashe dubban daloli a hutun mako guda ba dala 20 ce za ta talauta su ba, amma ita ce ta fi tsaya masu a rai. A nawa ganin, dalili shi ne an raba baƙo da abin hawansa, an ce kowanne ya biya nasa, kuma sabon kuɗin bai sayo wa baƙon komai ba face abin da jiya yake samu.

A matsayina na ɗalibin harshe, nakan fara da suna. Kalmar fakin aro ce daga Turanci, ta bi hanyar da fasinja da fensir da famfo suka bi, domin Hausa ba ta da sautin da waɗannan kalmomi suka fara da shi a can, sai ta musanya shi da nata. Amma karɓar kuɗi a hannun matafiyi ba baƙon abu ba ne gare mu, kuma kakanninmu sun ba kowane iri sunansa. Kuɗin fito na mai kwalekwale ne, don ya ƙetarar da kai. La'ada ta dillali ce, don ya haɗa ka da mai saye. Jangali na hukuma ne, a kan shanu. Goro kuwa ihsani ne, ba a ƙayyade shi, ba a bin bashinsa. Da ka ji sunan, ka san wa zai karɓa, ka kuma san abin da ya wajaba a kansa.

Dubi al'adar zango. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda maigida ke saukar da fataken shanu, ya ba su makwanci da abinci, ya kula da dukiyarsu, ba tare da ya yanka masu kuɗin kwana ba. Ribarsa tana cikin la'adar ciniki. Ba wai masaukin kyauta ba ne a haƙiƙa. An dunƙule kuɗinsa ne a wuri guda da kowa ya sani. Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya ya kafa irin wannan hujja a littafinsa na 2005, inda ya nuna cewa babu filin ajiye mota na kyauta: akwai kuɗin fili, da na shimfiɗa, da na fitila, da na gadi, kuma in mai mota bai biya ba, to an zuba su cikin farashin da har marar mota ke biya. Ban ƙi hujjarsa ba. Hasali ma ita ce kariya mafi ƙarfi da Disney ke da ita, kuma duk da haka ba ta hana shi janyewa ba.

To yaya abin yake a wajenmu? A Gusau, wadda ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, mai kwana a otal yakan ajiye motarsa a haraba, da safe ya miƙa wa maigadi na goro. A ranar kasuwa kuwa, ko a Tsafe kan hanyar Funtuwa, ko a Bunguɗu kan hanyar Sakkwato, mai babur ko mai mota yakan damƙa abin hawansa ga matasan da suka tsare wani fili, ya biya su in ya fito. Fili ba shi ne abin da ya yi mana ƙaranci ba. Abin da mutum ke saye a nan ido ne, wato ya dawo ya tarar da abinsa yadda ya bar shi.

A nan ne sunaye suka cakuɗe. Wani ya ce kuɗin fakin, wani kuɗin gadi, wani kuɗin tikiti, wani kuma ya ce “a ba yara na ruwa”. Idan goro ne, don me ake tsare hanya sai an biya? Idan haraji ne, ina rasit, kuma asusun wa zai shiga? Idan kuɗin gadi ne, wa zai biya in madubi ko batir ya yi ƙafa? Na sha ganin allo a harabar masaukai a garuruwan Arewa da ke cewa duk abin da ya sami mota ruwan mai ita ne, ga kuma maigadi a ƙarƙashin allon yana jiran sallama. Ba laifinsa ba ne. Sau da yawa wannan sallamar ce ke cike giɓin albashinsa. Mai otal ne ya ɗora wa baƙo wani ɓangare na albashin ma'aikacinsa, ya kuma wanke hannunsa daga alhaki.

Doka ba ta yi shiru ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma Dokar Soja ta 21 ta 1998 ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta hana datse hanya don karɓarsa. A Amurka, wata ƙa'ida da ta fara aiki a Mayun 2025 ta tilasta wa otal-otal su nuna cikakken farashi tun farko, har da duk wani kuɗi na dole. Ba ta hana caji ba, ɓoyewa ta hana.

Shawarata ga masu masaukai a Gusau ita ce su zuba kuɗin haraba cikin kuɗin ɗaki, su biya maigadi albashin da zai riƙe shi, su sauke wancan allo. Ƙananan hukumomin Tsafe da Bunguɗu kuma su shata filin ajiye ababen hawa a kasuwanninsu, su rubuta farashi da Hausa, boko da ajami, su ɗauki matasan da ke aikin tun asali, su buga tikiti mai lamba da ke faɗin abin da hukuma ta ɗauka a wuyanta. Wannan zai fi zama wajibi ranar da zaman lafiya ya dawo, masu yawon buɗe ido suka fara tsayawa da motocinsu a gindin Dutsen Kwatarkwashi, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, a bakin hanyar da ta taso daga Tsafe zuwa Gusau.