Jiyyar Yara a Fili da Kurmi: Yadda A Ke Gudanar da Ita a Turai da Amurka

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sana'a wadda ta yaɗu ƙwarai a 'yan shekarun nan, watau yi wa yara jiyya a waje, ƙarƙashin itatuwa, maimakon cikin ɗakin asibiti. Mai wannan aiki ya kan tara yara kaɗan, ya kai su wani kurmi ko lambu ko bakin rafi, su yi sa'a biyu ko uku suna hawan itace, suna jan gungume, suna cuɗa laka, sa'an nan iyayensu su biya shi lada. Wanda ya tashi a ƙauye, ya fara kiwon awaki tun bai cika shekara bakwai ba, in ya ji wannan labari lalle sai ya yi dariya, ya ce ashe abin da mu ke samu kyauta shi waɗansu ke saye da kuɗi. Dariyar tana da dalili. Amma ya kamata hakimai da malamansu su san gindin maganar, gama abin da ya yaɗu a waɗancan ƙasashe ba ya daɗewa bai iso gare mu ba, kuma ran da wani ya zo neman fili da iznin tara 'ya'yan talakawa da sunan magani, ƙofar hakimi zai fara tsayawa.

Asalin abin ya girmi shekara ɗari. Cikin 1904 hukumar garin Charlottenburg, kusa da Berlin a ƙasar Jamus, ta buɗe wata makaranta cikin kurmi saboda 'ya'yan talakawa raunana, waɗanda a ke tsoron tarin fuka zai kama su. Wani likita, Bernhard Bendix, da wani jami'in ilmi, Hermann Neufert, su ne suka tsara ta. A kan gajarta darasi, a ciyad da yara abinci mai kyau da madara, su huta a fili bayan cin abinci, likita kuwa yana auna nauyinsu a kai a kai. Landan ta kwaikwayi wannan cikin 1907, garin Providence na Amurka cikin 1908. Da aka sami magungunan tarin fuka bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai irin waɗannan makarantu suka riƙa raguwa. Daga baya kuma wani reshe ya tsiro a ƙasar Danmak, inda aka fara makarantun ƙananan yara na cikin kurmi tun cikin shekarun 1950. Malaman kwalejin Bridgwater ta Ingila sun je sun gano su cikin 1993, suka komo suka kafa irinsu. To, amma waɗannan makarantu ne na yara masu lafiya. Abin da mu ke magana a kansa a nan jiyya ce, kuma bambancin yana da girma.

Su wane ne yaran, kuma me a ke yi musu

Yawancin yaran da a ke kawowa ba masu zazzaɓi ko rauni ba ne. Akwai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ko na minti biyar, malami na magana hankalinsa na waje. Akwai wanda ya kai shekara shida ba ya iya sa maɓallin riga ko riƙe alƙalami, yana tafiya yana tuntuɓe ba gaira ba dalili. Akwai wanda ƙara kaɗan ke firgita shi, ba ya jimre a taɓa shi, ba ya shiga cikin 'yan'uwansa yara. Akwai kuma wanda ya ga wani tashin hankali, tsoro ya zauna masa a zuciya. Masu yi musu aiki kuwa ma'aikatan lafiya ne da suka yi karatun sana'ar: masu koya wa marasa ƙarfi ayyukan yau da kullum, da masu gyaran gaɓoɓi, da masu gyaran magana, da masu ba da shawara kan damuwar zuciya.

Ga dalilin da su ke bayarwa. Can cikin kunnen mutum, bayan dodon kunne, akwai waɗansu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Kadan mutum ya juya kansa, ko ya sunkuya, ko ya yi lilo, ruwan nan ya kan motsa, ya aika wa ƙwaƙwalwa labarin yadda kai ya ke. Haka kuma cikin tsoka da mahaɗar ƙasusuwa akwai jijiyoyi masu gaya wa ƙwaƙwalwa inda hannu da ƙafa su ke, shi ya sa mutum ke iya kai loma baki cikin duhu. Yaro ba ya zuwa duniya da gwanintar nan a cike. Da faɗuwa da tashi da birgima ya ke koyonta. Wata masaniya ta Amurka, Jean Ayres, ita ta fi kowa bayyana wannan, cikin littafin da ta fitar a 1972, ta kuma shirya ɗakin jiyya mai lilo da katifu da abubuwan hawa. Waɗanda suka biyo bayanta sai waɗansunsu suka lura cewa duk abin da a ke sayowa a cika ɗakin nan da shi, akwai shi a kurmi. Reshe shi ne lilo, gungumen da ya faɗi shi ne gadar koyon daidaita tafiya, laka da yashi da tsakuwa su ne abin taɓawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan ita ce Angela Hanscom ta jihar New Hampshire, wadda ta kafa shirin TimberNook, ta kuma rubuta littafi a kan batun cikin 2016.

Har wa yau ƙasar kurmi ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar daɓen siminti. Kowane taki yaro zai yi sai ƙafarsa ta yi shawara. Kuma yaron da ya ƙi motsa hannu don an umurce shi, sai ka gan shi yana ta ɗaukar itace don shi da abokansa suna gina bukka. Bai san magani ya ke sha ba.

Abin da aka tabbatar

A nan sai a yi hattara, don masu tallar sana'a su kan zarce abin da bincike ya nuna. Shaidar da ta fi ƙarfi ta ido ce. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an gwada a makarantu 12: a shida daga cikinsu aka ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na zama a waje kowace ranar makaranta, sauran shida aka bar su yadda su ke. Bayan shekara uku, cikin rahoton da ya fito a 2015, yara 30 cikin ɗari na kashin farko suka kamu da ciwon idon nan mai hana ganin abin da ke nesa, a kashi na biyu kuwa kusan 40 cikin ɗari. Wannan gwaji ne babba, an yi shi bisa ƙa'ida.

Na natsuwar hankali bai kai wannan ƙarfi ba. Cikin 2009 waɗansu masana biyu na Jami'ar Illinois, Andrea Faber Taylor da Frances Kuo, suka ba da labarin gwajin da suka yi da yara 17 masu ciwon rashin natsuwa, 'yan shekara 7 zuwa 12. Kowane yaro an yi tafiyar minti 20 da shi a wurare uku, lambun shaƙatawa da tsakiyar gari da unguwa, bayan kowace tafiya a karanta masa lambobi ya maimaita su da baya. Bayan tafiyar lambu suka fi yin daidai. Abin sha'awa ne, amma yara 17 ba su da yawa, kuma gwajin bai nuna ko amfanin ya kan daɗe ba. Ita kanta hanyar Jean Ayres, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa cikin 2012 cewa shaidar amfaninta ba ta cika ba tukuna, ta ba iyaye shawara su sa wa'adi su duba ko akwai ci gaba. Akwai kuma kalmar da wani ɗan jarida, Richard Louv, ya ƙaga cikin littafinsa na 2005, wai ciwon rashin cuɗanya da daji. Kalmar ta bazu ko'ina, amma ba ta cikin jerin cututtukan da likitoci suka sani, shi kansa bai ce tana ciki ba. Saboda haka duk wanda ya ce kurmi na warkar da farfaɗiya, ko ya ce a daina shan maganin da likita ya rubuta, maƙaryaci ne, a kore shi.

Yadda a ke tafiyad da aikin

Mai aikin kirki ba ya fara da fita. Ya kan zauna da iyaye tukuna, ya ji tarihin yaro, ya gwada shi, sa'an nan ya rubuta abin da a ke nema a fili, misali yaron nan ya iya tsayawa da ƙafa ɗaya, ko ya iya jiran layinsa cikin wasa ba tare da ya doki wani ba. Iyaye su sa hannu a takardar yarda. Bayan kowace fita ya rubuta abin da ya gani, bayan 'yan watanni a sake gwaji. In ba a ga canji ba, a sake dabara ko a mai da yaro wurin likita. Wannan rubutu shi ne ya raba jiyya da yawo. Malaman hakimai, da suka san darajar littafin haraji da na shari'a, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Wuri ɗaya a ke zuwa, mako bayan mako, rani da damina, don yaro mai tsoro ya saba da shi, ya san iyakarsa. Kafin yara su iso, mai aikin ya kan zaga ya duba ko akwai busasshen reshe mai shirin faɗuwa, ko fasasshen kwalba, ko rami, ko ruwa ya ƙaru. Yana riƙe da akwatin taimakon gaggawa, ya kuma yi koyon amfani da shi, ya san hanya mafi kusa zuwa asibiti. A kan ƙidaya yara da fita da komowa. Akwai maganar iznin mai fili, da inshora, da binciken halin duk babban da zai kusanci yara, wanda a Ingila doka ce ta tilasta. Waɗannan duka kuɗi ne, ga shi kuma tilas yara su zama kaɗan a hannun kowane ma'aikaci. Shi ya sa ladan ke da tsada, har sau da yawa yaran da suka fi bukata, na matsattsun unguwanni, su ne ba sa samu. Wannan aibi ne babba a sana'ar.

Abin da ya fi wuya shi ne sanin iyakar haɗari. Wata masaniya ta ƙasar Nowe, Ellen Sandseter, ta lura da wasan yara, cikin 2007 ta kasa wasa mai haɗari gida shida: hawa sama, da gudu mai tsanani, da riƙe makami kamar wuƙa, da kusantar wuta ko ruwa, da kokawa, da ɓacewa daga idon manya. Masu jiyyar nan ba sa hana waɗannan ɗungum, gama yaron da bai taɓa hawa ba ba zai san inda ƙarfinsa ya tsaya ba. Ƙa'idarsu ita ce a bar wa yaro haɗarin da ya ke gani da idonsa, ya auna da kansa, kamar tsawon reshe. Wanda ba ya iya gani, kamar ruɓar cikin reshen, wannan nauyin babba ne ya kawar. Ba a ɗora yaro bisa itace. In bai iya hawa da kansa ba, lokacinsa bai yi ba.

Inda babu mai sa ido kuwa, abin ya kan zama masifa. A Amurka an yi waɗansu sansanoni na kuɗi masu kai kangararrun samari cikin jeji na makonni da sunan gyaran hali. Cikin 2007 ofishin bincike na Majalisar Dokokin ƙasar ya fitar da rahoto, ya ce ya tarad da dubban ƙararraki na cin zali, ya kuma bi diddigin mutuwar yara goma. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne ma'aikata marasa horo, waɗanda yaro zai ce ba shi da lafiya su ce ƙarya ya ke yi, har ƙishirwa ko zafi ya kashe shi. Ba jejin ne ya kashe su ba, jahilcin masu riƙonsu ne.

In an zo wa hakimi da maganar

Abu na fari a nemi takardar shaidar mutum. A Nijeriya akwai hukumar rajistar masu gyaran gaɓoɓi da magana da makamantansu, wadda aka kafa da doka cikin 1988. Wanda ya ce jiyya zai yi, ya nuna rajistarsa, a kuma sanad da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Wanda ba shi da ita, in wasa zai shirya wa yara, ya kira shi wasa.

Sa'an nan a tuna ƙasarmu ba Danmak ba ce. Su sanyi su ke tsoro, mu rana. Cikin bazara ba a fita da yara sai da sassafe ko da la'asar sakaliya, da ruwan sha isasshe, balle yaro mai ciwon sikila, wanda ƙishirwa da gajiya ke tayar masa da ciwo. Littattafan Turawa suna yabon tafiya ba takalmi da wasa cikin rafi. A nan kududdufi da tafki su ne gidan tsargiya, cikin ciyawa da duwatsu kuwa akwai kububuwa da kunama, kowa ya san yawan waɗanda a ke kai wa asibitin saran maciji na Kaltungo. Dajin da ba a amince da zaman lafiyarsa ba, ba a ma kawo maganarsa. Lambun mangwaro na gefen gari, ko inuwar tsamiya da ɗorawa kusa da makaranta, inda mutane ke wucewa suna gani, ya isa. Kada a yarda da kwana, kada a yarda da wurin da a ke hana iyaye shiga, kuma 'yan mata su kasance da mace babba tare da su.

Akwai yara a kowace gunduma waɗanda nakasa ko wata lalura ta sa a ke ɓoye su cikin gida, tsaransu na wasa a dandali su ba sa fita. Dagatai da masu unguwanni sun san gidajen. In mai aikin ya cika sharuɗɗan nan, hakimi ya tambaye shi yara nawa daga cikin irin waɗannan zai ɗauka, da nawa zai karɓa daga iyayensu, malami ya rubuta amsar cikin takardar izni kafin a sa hannu.