Shin Wake Ne Ke Haifar Ƙwaronsa?

Duk wanda ya taɓa zama da 'yan hatsi, ko a Dawanau ta Kano, ko a Bodija ta Ibadan, ko a Mil 12 ta Ikko, ya ji ana cewa wake shi ke haifar ƙwaronsa. Hujjar masu faɗin haka ba ta da wuyar ganewa. Mutum ya auna wake tsaf, ba huji ko ɗaya, ya ɗinke bakin buhu da hannunsa, ya ɗora a mota. Bayan wata biyu cikin ɗumin Kudu sai ya buɗe ya tarar da gari, ga ƙwari suna ta yawo. To, ta ina suka shiga? Mahauta ma haka suke faɗi game da tsutsa, wai nama ne ke rikiɗa in ya kwana.

Ba a kanmu aka fara wannan zato ba. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aristotal, babban masanin Girka, ya rubuta cewa waɗansu ƙananan halittu daga taɓo da ruɓaɓɓen abu suke fitowa, masu ilimi kuma suka bi shi ɗaruruwan shekaru.

Sai a 1668 wani likita ɗan Italiya, Faransasko Redi, ya ce bari a gwada a gani. Ya zuba nama cikin kwalabe. Waɗansu ya bar su a buɗe, waɗansu ya toshe, waɗansu kuwa ya ɗaure bakinsu da ƙyalle shara-shara. Nama duk ya ruɓe, amma a cikin buɗaɗɗun kaɗai aka sami tsutsa. Masu ƙyallen nan, ƙuda ya ji wari ya zo, ya rasa hanya, sai ya zuba ƙwansa a bisa ƙyallen. Ashe tsutsa 'yar ƙuda ce, nama abincinta ne kawai.

Gardama ba ta mutu nan ba, don da aka sami madubin ƙara girman abu, aka ga ƙwayoyin da ido ba ya gani suna iyo cikin romo, sai aka ce to waɗannan kam romon ne ya haife su. Wanda ya kashe maganar shi ne Luwi Fastur na Faransa, tsakanin 1859 da 1862. Ya tafasa romo cikin kwalba mai dogon wuya lanƙwasasshe kamar na zalɓe, yadda iska na shiga amma ƙura na maƙalewa a lanƙwasar. Romo ya yi watanni bai lalace ba. Da ya karya wuyan, ƙura ta faɗa ciki, cikin 'yan kwanaki ya gurɓace.

Haka batun wake yake. Tun a gona uwar ƙwaron ke manna ƙwai a jikin kwanso, ƙanana ƙwarai. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta huda ta shige cikin ƙwayar waken, ta zauna tana ci daga ciki. Cikin mako uku zuwa huɗu ta zama ƙwaro, ta fasa ƙofa ta fito, ita ma ta zuba nata ƙwan a kan waken da ke kusa. Watau falke da kansa ya ɗinke ɓarawon cikin buhu, ya kuma biya masa kuɗin mota.

To, me ya raba mai rai da mara rai? A makaranta akan ce mai rai yana ci, yana numfashi, yana girma, yana fitar da ƙazanta, yana jin abin da ya taɓa shi, yana haifuwa. Amma fa mai karatu ya dubi wuta. Tana cin itace, tana girma, in an hana ta iska ta mutu, ta bar toka, tartsatsinta ya haifi wata wutar. Duk da haka ba mai cewa tana da rai. Abin da ta rasa shi ne ƙwayar halitta, ɗan ƙanƙanen ɗakin nan da aka gina jikin mutum da na ƙwaro da na kuka da shi, wanda ke ɗauke da sinadarin gado da ake kira DNA. Shi ya sa ɗan ƙuda ƙuda ne, ba ya zama sauro. Ƙwayar wake kuwa, da take kwance kamar tsakuwa, tana da rai, barci kawai take yi. A 2005 an shuka ƙwallon dabino da aka tono a kangon Masada na ƙasar Isra'ila, mai shekara wajen 2,000, ya kuwa tsira.

Sanin wannan kuɗi ne ga mai hatsi. Tunda ƙwaro mai rai ne, dole ya shaƙi iska. A kan haka masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, suka fito da buhu mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhu a waje, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007 da sunan PICS. In wake ya bushe sosai, aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Ba a bukatar ɗigon magani. Masu yayyafa wa wake guba kuwa, ban da cutar da masu ci, su suka jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015.

Saura babbar tambaya. In kowane mai rai daga mai rai ya fito, na farkon fa? Mai imani ya san Mahaliccinsa, ba ya neman kwalba ta gaya masa. Abin da masu kimiyya ke bi shi ne yaushe, kuma ta wace hanya. Lissafinsu ya nuna duniya ta kai shekara miliyan 4,500, sun kuma sami alamun ƙwayoyi masu rai cikin duwatsun yammacin Ostareliya masu shekara wajen miliyan 3,500. A 1953 wani ɗalibi a Jami'ar Shikago, Istanli Mila, ya haɗa ruwa da iskar gas iri uku cikin rufaffiyar kwalba, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Bayan mako guda ruwan ya yi ja-ja, aka sami amino asid a ciki, watau tubalan da ake gina naman jiki da su. A 2023 ma wani kumbon Amurka ya kawo ƙasa wajen giram 120 daga wani dutsen sararin sama mai suna Bennu, aka tarar da irin tubalan nan a cikinta. Sai dai tun daga gwajin Mila zuwa yau, shekara 70 da ɗoriya, babu ɗakin binciken da ya haɗa matattun sinadarai zalla ya fitar da ƙwaya ɗaya mai ci da haifuwa da kanta.